Lamba Biyar Bai Taɓa Cin Ƙwallo Ba

Jama'ar shafin nan, sallama gare ku. Mas'uda ce ta unguwar Iku, wadda kuka cika wa waya da tambayar "ya aka ƙare da ɗan ƙwallon?" To ku gyara zama, don ni kaina har yanzu ban tantance ba ko dariya zan yi ko kuka. Wanda yau ya fara shigowa kuma, bari in ɗan koma baya saboda shi.

Ina aiki a wani kemis kusa da tashar mota a cikin Suleja. Kowace Litinin da safe wani dogon mutum yakan shigo, sai ya sunkuya saboda fankar sama, ya ce a ba shi bandeji biyu da man zafi. Ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Wata huɗu muna haka. Ran nan na gaji na ce, "Malam, wai dukanka ake yi a gida?"

Ya dube ni ba alamar wasa ya ce, "A'a, a wurin aiki ne."

Haka na san Abdulbasit, mai tsaron baya na ƙungiyar Mayanka United. Da lambar rigarsa na ajiye shi a wayata: Lamba Biyar.

Ɗan Gauraka ne, babansa mai faci ne a bakin titin Kaduna. Ya fara ƙwallo ba takalmi a filin firamare, aka tura shi baya don kawai ya fi kowa tsawo, kuma tun daga ranar ba wanda ya tuna ya ce masa ya dawo gaba. Yana da shekara sha bakwai wani koci ya ɗauke shi zuwa Kaduna. Daga can ya buga a Gusau, ya buga a Makurɗi, ya yi kaka biyu a Lafiya. Sau ɗaya ya je gwaji ƙasar waje, ya yi sati biyu, ya dawo da rigar sanyi ɗaya da mura. An yi masa aiki a gwiwar hagu, girarsa ta dama ɗinki bakwai ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan sana'a, wasa ɗari biyu da sha huɗu, har da shekara biyun da ya yi tun da ya dawo gida ya shiga Mayanka a rukuni na biyu.

Duk wannan ya ba ni labarinsa ne a tsaye. Abdulbasit ba ya zama wurin zance. Tsayawa yake tsakanina da ƙofar gida, gwiwa a ɗan lanƙwashe, idonsa na bin duk wanda ya gitta layi. Akwai ranar da Nura, ɗan ƙawar Mama mai aiki a Abuja, wanda Mama ke mafarkin ya zama surukinta, ya zo da motarsa wai zai gaishe ni. Wallahi bai iso inda nake ba. Ya matsa dama, ya ga ƙirjin Abdulbasit. Ya matsa hagu, ya ga ƙirjin Abdulbasit. Ba zagi, ba turi, har murmushi yake masa. Minti ashirin suna wannan rawa, Nura ya ajiye ledar tufafin da ya kawo a kan dakali ya koma mota. Na ce, "Me ka yi haka?" Ya ce, "Ban taɓa shi ba. Ko alƙalin wasa ba zai busa ba."

To, Asabar biyu da suka wuce Baba ya ce yana son ganinsa.

Tun safe na wanke falo, na canja labule zuwa masu ruwan zuma, na turara ko'ina. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da mayafi fari, na soya cincin, na haɗa zoɓo mai abarba. Shi kuma ya zo bayan la'asar cikin farar shadda, wadda telan bai yi lissafin cinyar ɗan ƙwallo ba. Da zai durƙusa gaban Baba, gwiwar hagun ta yi ƙara ƙas, wandon ma ya amsa daga baya. Ni da Mama da Gwaggo Luba, yayar Baba, muna bayan labule muna jin komai.

Baba ya ce, "Samari, mece ce sana'arka?"

"Ƙwallo nake bugawa, Baba."

"Madalla. Kowa da hanyar abincinsa. Shekara nawa?"

"Sha ɗaya."

"To a shekara sha ɗayan nan, ƙwallo nawa ka ci?"

Na matsa jikin labule.

"Babu, Baba."

"Ban ji ba."

"Ban taɓa ci ba. Ni mai tsaron baya ne. Aikina in hana a ci."

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan dadduma. "Tsaya in fahimta. Bawan Allah ya taso tun daga garinsu, ya shiga mota, ya sha hanya, ya zo neman abin da zai faranta wa iyalinsa rai. Kai kuma ka tsaya a gabansa ka hana shi."

"Haka ne, Baba."

"Shekara sha ɗaya."

"Haka ne."

Sai Gwaggo Luba ta ɗaga murya daga bayan labule, "Jibrin, tambaye shi ko ya taɓa ci a tasu ragar!"

Na dafe kai. Da wani ne da ya yi shiru, amma Abdulbasit bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Sau biyu, Gwaggo. Ɗaya da ƙeya, ɗaya da gwiwa."

Mama ta dube ni irin kallon nan na "kin gani ko?" Baba ya mayar da tabarau ya ce, "Ni ban raina sana'ar kowa ba. Amma manomi yana nuna dami, tela yana nuna riga. Ka je ka ci ƙwallo ɗaya, a ragar waɗancan, ba taku ba, in gani da idona. Ranar ka turo magabatanka."

Jama'a, wasa ɗaya tak ya rage a kakar bana, ranar Asabar mai zuwa, a filin wasa na gari. Kuma ba wasan banza ba ne. In Mayanka ta sha kashi, ta faɗa rukunin ƙasa, za a sallami rabin 'yan wasan, tsofaffi irinsa su ne a gaba. In an yi canjaras sun tsira. Wato ranar da ƙungiyarsa ta fi bukatar ya manne a baya, ita ce ranar da aurena ke bukatar ya tafi gaba.

Ranar Litinin ya turo mini saƙo.

Lamba Biyar: Na tsaya bayan atisaye na buga raga sau talatin.

Ni: Nawa suka shiga?

Lamba Biyar: Gola ya ce ya ji daɗin hutun.

Ni: Abdulbasit, da gaske nake.

Lamba Biyar: Ni ma. Ƙafar ce. In na ga raga sai ta ce mini haɗari, fitar da ƙwallon.

Ranar Talata Gwaggo Luba ta je suna a Garam. Ban san me ta ce ba, amma kafin Laraba da azahar duk Suleja ta ji. Ɗan acaɓar da ya ɗauko ni daga aiki ya waiwayo a tsakiyar titi ya ce, "Anti, ke ce ta Lamba Biyar? Allah Ya ba shi sa'a, amma gaskiya ki fara duba wani." Wata tsohuwa ta zo sayen maganin hawan jini, ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a har da hawaye. Mai kemis ɗinmu kuwa cewa ya yi in ɗauki hutun Asabar, shi ma zai rufe shago ya je.

Ranar Alhamis Koci Barnabas da kansa ya kira ni. Ban san inda ya samu lambata ba.

"Madam, ke ce kike so ki kashe mini kulob?"

"Yallaɓai, ba ni ba ce, Babana ne."

"Yaron nan shekara biyu ba ya ba ni matsala. Yau a atisaye na duba baya, babu shi. Yana can gaba yana tsaye kusa da gola kamar mai jiran keke. Abeg, ki yi magana da Baba."

Na yi magana da Baba. Ya ce shi bai ce a ci goma ba.

Ranar Asabar Mama ta ce ba za ta je ba, sai ga shi ta riga kowa shiryawa, cikin leshi ruwan goro da gwaggwaro kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gwaggo Luba ta cika kula da dambun shinkafa, ta ɗauko robobin zoɓo shida da lema. Baba ya sa babbar riga ruwan toka, ya riƙo daddumarsa. Ni na sa baƙar abaya da tabarau baƙi don kada a gane ni. Muna shiga filin, wani ya yi ihu, "Ga amarya!" Sai duk ɓangaren ya miƙe ana tafi. A can saman rumfa wasu samari sun ɗaure farin ƙyalle, an rubuta da jan fenti: A CI A BA SHI MATA.

Baƙin daga Lafiya suka zo, kuma sun zo da nufin ci. Suna da wani ɗan gaba siriri mai lamba tara, gudu kamar an koro shi. Duk lokacin da ya karɓi ƙwallo sai filin ya yi tsit, sai ka ga Abdulbasit ya bayyana a gabansa, ya zare ƙwallon, ya tura ta gefe, ya koma wurinsa. Ba wanda ke tafawa. Mutane sai su ci gaba da cin gyaɗarsu.

Baba ya ce, "Wane ne namu?"

"Ga shi can, dogon, mai biyar a baya."

"Me ya sa yake nesa da inda ake ci?"

"Wurinsa ke nan, Baba."

Gwaggo Luba ta miƙe da lemarta tana kwarara murya, "Kai mai biyar! Matso gaba mana! Can ake rabo!"

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Baba ya shimfiɗa dadduma a bayan rumfa, Gwaggo ta raba dambu har da 'yan sandan ƙofa. Aka dawo. Minti sittin, babu. Minti saba'in, babu. Na cinye farcena biyu da lallen da ke kai.

A minti na tamanin da ɗaya aka kwashe ƙafar Gbenga, kyaftin ɗin Mayanka, a cikin da'irar baƙi. Alƙalin wasa ya busa, ya nuna fenariti.

Gbenga ne ke buga musu fenariti, bana bai ɓarar da ko ɗaya ba. Ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta da riga, ya dubi rumfa, ya dubi ƙyallen nan. Sai ya juya ya fara tafiya baya. Ya wuce 'yan wasa, ya wuce tsakiyar fili, har inda Abdulbasit yake tsaye shi kaɗai, ya danƙa masa a ƙirji. Koci Barnabas ya cire hularsa ya jefar a ƙasa yana ihu, "Gbenga! Gbenga, I take God beg you!" Amma muryarsa ta nutse, don filin gaba ɗaya ya ɗauka: "A ba shi mata! A ba shi mata!" Har magoya bayan baƙin, na rantse na ga biyu suna yi.

Abdulbasit ya zo ya ajiye ƙwallon a kan farin ɗigo. Ya ja baya taku shida. Golan baƙin wani gajere ne, ragar kuwa faɗi kamar ƙofar gareji. Na kama hannun Mama, ita ma ta matse nawa, ta manta ba ta son sa.

Ya taho da gudu ya buga.

Jama'a, ban taɓa ganin bugu mai kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta tashi ta wuce saman raga, ta wuce allon talla, ta wuce katangar filin, ta wuce bishiyar dalbejiya da ke waje. Muka bi ta da ido har ta zama ɗigo. Can muka ji ƙarar kwanon rufi da salatin wata mata. Daga baya aka ce a rumfar mai awara ta sauka, layi biyu daga filin.

Ba wanda ya yi ihu. Golan baƙin ma juyawa ya yi yana kallon sama. Gwaggo Luba ta zauna a hankali ta ce, "Ƙarfi dai akwai." Mama ta saki hannuna.

Abdulbasit kuwa bai dafe kai ba, bai faɗi ƙasa ba. Juyawa kawai ya yi ya koma wurinsa da ɗan gudu, kansa a sunkuye. A nan hawayena suka zubo a bayan tabarau, don na san tafiyar nan. Tafiyar da yake shigowa da ita kemis ce ranar Litinin.

Aka kawo wata ƙwallon. 'Yan Mayanka duk jikinsu ya mutu, baƙin kuwa suka taso kamar an ƙara musu mutum uku. Minti casa'in ya cika, aka ɗaga ƙarin huɗu. A na ƙarshen, mai lamba taran nan ya kuɓuce ta gefe. Golanmu ya fito, yaron ya lauye shi ya bar shi kwance. Raga ta zama wayam, ba kowa. Ya ɗaga ƙafa ya narka ta da duk ƙarfinsa.

Ban ga daga inda Abdulbasit ya fito ba. Na dai ga farar riga ta taho a kwance cikin iska, hannaye a bayansa don kada ta taɓa su, fuska a gaba. Ƙarar da na ji har rumfa, kamar an fasa kwakwa. Ƙwallon ta koma fili, shi kuma ya bugi turken raga ya zube. Alƙalin wasa ya busa tashi.

Babu ci. Mayanka ta tsira.

Mutane suka ɓarke cikin fili suna murna, suka ɗaga Gbenga sama, suka ɗaga gola, har koci suka ɗaga. Abdulbasit mutum biyu ne suka ɗauke shi a makara ta 'yan wasa, ta ƙofar baya. Na juya in ce wa Baba mu tafi, sai na ga babu shi. Yana can ƙasa, ya tattare babbar riga a kafaɗa, yana bin masu makarar da sauri irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba.

A wani ƙaramin asibiti kusa da filin muka same su, ana dab da magariba. Haƙori biyu sun tafi, hanci ya karkace, leɓe ya yi suntum, an cusa masa auduga cike da baki. Baba yana zaune a kujerar roba gefen gadon. Ni da Mama da Gwaggo muka tsaya a bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Samari, ka san aikin da na yi kafin in yi ritaya?"

Abdulbasit ya girgiza kai.

"Gadi. Shekara talatin da ɗaya a ƙofar wata ma'aikata a Abuja. Kullum da asuba ina bakin titi ina jiran motar Suleja. A shekarun nan ko tsintsiya ba a taɓa fita da ita ta ƙofata ba. Ma'aikatar da ke kusa da mu aka kwashe musu janareta, mai gadinsu har hotonsa ya fito a jarida. Ni kuwa ranar da aka yi mini walimar sallama, babban ogan ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, yana ta kirana Malam Jamilu." Ya murza hularsa. "Yau da na ga an ɗaga kowa sama an bar ka a ƙasa, na gane aikinka. Ni ne ban yi tambaya daidai ba. Na janye maganata. Ka turo magabatanka ranar Juma'a."

Gwaggo Luba ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane, nas ta leƙo ta harare mu. Mama ta ce, "To, Allah Ya sa alheri," kuma na ji har zuciyarta ta faɗa. Ni kam na jingina da bango ina ta hamdala.

Sai Abdulbasit ya ɗaga hannu. Ya yi ƙoƙarin magana, audugar ta hana. Ya laluba wayarsa ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Wayata ta yi ƙara a jaka. Ya yi mini alama in karanta wa kowa.

Na buɗe ina murmushi, na fara karantawa da ƙarfi. "Baba, na gode, Allah Ya ƙara girma. Amma a gaban iyali ka ce sai na ci, kuma na amsa. Ban taɓa barin aikin da aka ba ni a rabi ba. Wallahi ba zan turo kowa ba sai na..."

Na dakata a nan. Na dube shi. Ya gyaɗa mini kai wai in ƙarasa.

"Ka goge," na ce. "Abdulbasit, ka goge saƙon nan."

Baba ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Kun ji ɗan halak. Rantsuwa ta riga ta fita. Na amince, ɗana. Sai ka ci."

"Baba, kai fa ka janye!"

"Shi bai janye ba."

"An gama kakar wasa! Sai bayan wata biyar za a dawo!"

Gwaggo ta ce, "Ke ma dai, wata biyar kamar gobe ne. Ai an ce akwai wani fenaritin."

Ana cikin haka Koci Barnabas ya shigo, rigarsa jiƙe da gumi, fuskarsa cike da fara'a. Ya gaida su Baba da ladabi, ya dafa kafaɗar Abdulbasit.

"Mutumina! Ka cece mu. Yanzu ciyaman ya kira ni. Sabon kwantiragi, shekara uku, kuma kai ne kyaftin daga kaka mai zuwa." Ya ɗaga yatsa. "Sharaɗi ɗaya ya sa, ni na roƙe shi ya sa, kuma a rubuce. Ba fenariti, ba kona, ba komai. Ranar da ƙafarka ta ƙetare layin tsakiya, ranar kwantiragin ya mutu."

Abdulbasit ya dubi koci, ya dubi Baba, sannan ya dube ni ta saman audugar da idanunsa kumburarru. Ya sunkuya kan wayarsa, yatsa ɗaya, a hankali.

Jakata ta yi ƙara.

Lamba Biyar: Shekara uku ba ta da yawa, ko?